Daga Hazon Mambilla zuwa Yashin Yusufari



Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro sababbin jihohi. Cikinsu akwai Taraba, wadda aka ciro daga tsohuwar Gongola, da Yobe, wadda aka ciro daga Borno. Rana ɗaya aka raɗa musu suna, kuma a shekarar ce aka kafa manyan gandayen daji biyu na ƙasa da suka shafe su: Gashaka-Gumti a tsakanin Taraba da Adamawa, da gandun yankin Tafkin Chadi a tsakanin Yobe da Borno. A takardun gwamnati da bakin 'yan siyasa duk shiyya ɗaya ce, Arewa maso gabas. Amma wanda ya kwana a Gembu, bisa tsaunin Mambilla, sannan ya je ya kwana a Yusufari, dab da iyakar Nijar, zai yi wuya ya yarda cewa a ƙasa ɗaya ya kwana. A Gembu bargo zai nema, har ya ƙara da na biyu. A Yusufari kuwa, in watan Afrilu ne, tabarma zai jawo tsakar gida yana fatan iska ta kaɗa.

Abin da ya raba wuraren nan biyu ruwa ne: inda yake fitowa, yawansa, da tsawon zamansa. Duk wani kyau da ido ke gani a can ko a nan, ruwa ne ya tsara shi.

Mai zuwa Mambilla daga Jalingo ta Bali zai bi, ya wuce Serti, yana shan zafi irin wanda ya saba, har ya isa Mayo Selbe. Daga nan hawa ke farawa. Titi ya dinga murɗewa a jikin dutse, kwana na bin kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami mai zurfin da fasinja ba ya son leƙawa. Direbobin hanyar sun san inda ake komawa giya ɗaya, sun san inda babbar mota ke tsayawa injinta ya huce. Can sai kunne ya toshe, hira ta ragu a mota. Kafin a kai Maisamari, waɗanda suka taso suna fifita da kwali sun fara laluben rigar sanyi a jaka.

Da an hau, sai ƙasa ta buɗe. Babu sabara, babu ƙaya, babu kurmin da aka baro a ƙasa. Tuddai ne masu sulɓi, ɗaya na bayan ɗaya har iyakar gani, ciyawa gajera ta rufe su, ƙoramu na bi ta tsakaninsu. Da asuba hazo kan cika kwaruruka, kawunan tuddan kaɗai ke fitowa, har mutumin da ke tsaye a sama ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Hazon nan ba na hunturu ba ne mai ƙura da busar da leɓe. Danshi ne, yana jiƙa hula, yana barin raɓa a gashin ido. Sai hantsi ya ɗaga yake yayewa, rufin kwano na ƙauyuka da layukan itacen zaiti su bayyana.

Dalilin wannan yanayi a fili yake. Tsaunin ya haura mita 1,500 a bisa teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida. Shi ya sa da wuya zafin rana a can ya wuce digiri 25. Ga kuma iskar damina da ke tasowa daga Tekun Atalantika ɗauke da danshi. In ta ci karo da tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru sai ta hau, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,800 ko ya wuce, kuma damina kan yi wata bakwai zuwa takwas. A gefen wannan tudu, cikin gandun Gashaka-Gumti mai faɗin kusan murabba'in kilomita 6,700, akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419.

Sanyin nan ya hana tsando zama, kuma inda babu tsando babu sammore. Abin da ya jawo Fulani da garkunansu ke nan a cikin ƙarni na 20, suka tarar da Mambillawa manoma a tuddansu, daga baya Kaka da Kambu da Panso da fataken Hausawa suka ƙaru. Yau ba a raba hoton Mambilla da shanu, jajaye da farare, suna kiwo a gangare. Yankin bai ma zama Najeriya ba sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama da mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka kaɗa. Daga nan aka samu lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar Gembu ke amsawa har gobe.

A Kakara akwai gonar shayi da aka fara tun shekarun 1970, inda ake sarrafa Highland Tea. Itacen shayi ba a barin sa ya yi tsawo. Ana aske shi daidai ƙugu, layi-layi, yana bin lanƙwasar tudu. Masu tsinka suna shiga da kwando a baya, yatsu na ɗaukar toho da ganye biyu na sama, suna jefawa ta kafaɗa ba tare da waiwaye ba. Mai shayin bakin tasha a Kano ko Damaturu, wanda kullum hannunsa na cikin ganyen shayi, da wuya ya taɓa ganin itacen da idonsa, alhali ga shi a ƙasarsa. Ban da shayi akwai gahawa, da ayaba, da piya, da dankalin Turawa, da gwaza, da masara.

Sai kuma ɗan abin da ya rage na tsohon daji. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai Ngel Nyaki, kurmin kan dutse da ya maƙale a gangare, itatuwansa lulluɓe da gansakuka, birai na tsalle a samansa, har da cimfanzi irin na Najeriya da Kamaru wanda ya kusa ƙarewa a duniya. Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand ta kafa tashar bincike a wurin, kuma matasan ƙauyukan kewaye ne ke yawancin aikin: su ƙirga itatuwa, su bi sawun dabbobi, su yi rainon dashe.

To, a bar Mambilla haka nan, a yi arewa.

Wanda ya tashi daga Gashuwa ya nufi Yusufari zai ga itatuwa suna raguwa, suna gajarta, suna ƙara ƙaya. Aduwa, magarya, farar ƙaya, dakwara mai ba da ƙaro, sai tumfafiya a bakin hanya. Bayan garin Yusufari kwalta ba ta da sauran amfani. Direba ya sauka ya rage wa tayoyi iska don su kama yashi, in ba haka ba mota ta nutse har gindi. A nan ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma cikin wata uku yake sauka ya ɗauke. Daga Oktoba zuwa Yuni sama ba ta da abin bayarwa.

Jigayin yashi na wannan yanki, irin na Tulo-Tulowa da Bulatura, sai da sassafe ko da la'asar sakaliya ake gane kyansu. Da tsakar rana fari ne fat, mai kashe ido, ƙafa ba ta iya taka shi ba takalmi. Amma da asuba yashin sanyi gare shi, iskar dare ta yi masa zane ƙanana-ƙanana a jere, kuma duk abin da ya yi yawo cikin dare ya bar shaida: sawun buzuzu siriri, jan wutsiyar ƙadangare, tafin raƙumi mai faɗi. In rana ta yi ƙasa, gefe ɗaya na tudun ya yi ja, ɗayan ya yi duhu, kaifin da ke tsakaninsu ya fito sarai. Hawansa akwai wuya, taku biyu gaba, ɗaya ya zame baya. Wanda ya daure ya kai sama shi ke cin ribar tafiyar, don daga can ne zai hango kwari a ƙasa, kore shar, zagaye da yashi ta kowace fuska.

Dausayin nan tsari gare shi. A bakin kwarin goruba ce ke tsaye, itacen da gangarsa ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Daga ciki dabino. Daga nan sai lambuna, domin ruwa na kusa, kamu kaɗan za a haƙa a same shi: rogo, albasa, tumatir, barkono, dankali. A tsakiya kuma, inda ruwa ke kwanciya da damina, in rani ya yi ya ƙafe sai ya bar ɓawon kanwa fari, ya tsattsage ya ɗago kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari, sun daɗe suna kankare wannan kanwa suna dafa mangul, raƙuma na kai su kasuwannin ƙasar Hausa. Matar da ta jefa kanwa a miyar kuɓewa a Zariya, ko makiyayin da ya ba shanunsa ita a Katsina, suna da alaƙa da irin waɗannan kwaruruka ko ba su sani ba. Kabar goruba kuwa ita ce tabarma, ita ce igiya, ita ce faifai. Irin wannan ƙasa ba ta tsaya a kan iyaka ba. Haka take a Maine-Soroa da Gudumariya cikin Nijar, mutanen ɗaya, sana'ar ɗaya.

Wanda ya ɗauka Yobe yashi ce zalla bai je Nguru da Bade ba. Kudu kaɗan da jigayin nan akwai fadamar Haɗeja da Nguru, ɗaya daga cikin manyan dausayoyin Sahel. Ruwanta baƙo ne. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, kogin Jama'are daga tsaunukan Jos. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai suka tarar da tsofaffin jigayi a jere, suka rarrabu a tsakaninsu, suka malala, kafin su haɗu wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Ruwan Mambilla yana bin kogin Donga ya faɗa Binuwai, ya faɗa Neja, ya ƙare a teku. Na Yobe ba ya ganin teku har abada. A yashi da tafki yake ƙarewa.

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan ya iso, filin da aka yi kiwo jiya sai kwalekwale. Bado ya rufe fuskar ruwa, shinkafa ta yi kore, masunta su fito da koma da gora suna kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Da ruwa ya janye, manomi ya bi danshin da wake da kayan lambu, makiyayi ya biyo bayansa. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, kwasakwasa, duk 'yan gida ne. Da hunturu ya kama a Turai sai baƙi su iso: agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, wannan fadama ce ruwan kirki na farko da suke tararwa. A tafkin Dagona, cikin ƙasar Bade, in wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya, ƙarar fikafikansu kan rufe maganar mutane. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da Najeriya ta shigar.

Akwai ma shaidar cewa ruwan yankin ya taɓa fin haka nesa ba kusa ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma a jihar da ake yi wa kallon hamada aka same shi.

Idan aka jera wuraren biyu, yawancin mutane Mambilla za su zaɓa ba tare da dogon tunani ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Mutumin da ya tashi a ƙasar da rani ke wata takwas, kore shi ne arziki a idonsa, yashi kuwa alamar fari da yunwa. Kyan Mambilla nan take yake kama baƙo, tun daga tagar mota. Sai dai yabon da aka fi yi mata, wai ta yi kama da Turai, rage mata daraja ne. Mambilla ba ta bukatar aron sunan wata ƙasa. Shanunta, da harsunanta, da kurminta na wurin ne. Kyan arewacin Yobe kuwa yana neman haƙuri. Sai an zo a watan da ya dace, an tashi da asuba, an taka da ƙafa. Amma a Najeriya da wuya a samu wani wuri da mutum zai tsaya kan tudun yashi da safe, da yamma ya shiga kwalekwale cikin bado. Ta fuskar bambancin abin kallo a ɗan taƙi, Yobe ta fi, kuma ita aka fi zalunta wajen yabo.

Akwai kuma abin da kore ke ɓoyewa. Duk wanda ya dubi gangaren tuddan Mambilla da kyau zai ga layuka a kwance, hawa-hawa, waɗanda kofaton shanu ya sassaƙa shekara da shekaru. Inda kiwo ya yi yawa ciyawa mai daɗi ta ɓace, mai tauri ta maye gurbinta, wani wurin kuma ƙasa ta tsage, jar laka ta fito, ruwan sama na kwasarta zuwa rafi. Wutar da ake sa wa ciyawa kowane rani don sabon toho tana cin bakin kurmi kaɗan-kaɗan. Zaiti, wanda aka kawo daga waje don katako da itacen girki, ya rufa wa mutane asiri ƙwarai, amma mazauna da dama na kukan cewa inda aka dasa shi a bakin maɓuɓɓuga ruwa na ja baya. Ga ramukan masu haƙar shuɗin dutse mai daraja a wajen Nguroje, an bar su a buɗe. Ƙasar da ake gani yalwatacciya ta yi wa masu ita kaɗan, har ta kai ga zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya, kamar yadda aka gani a 2017. Shekaru fiye da arba'in ana maganar tashar lantarki ta Mambilla. Ko yaushe aka gina ta, rayuwarta na hannun ciyawa da kurmin da ke sama, domin madatsar da laka ta cike ba ta juya injin.

Ciwon Yobe ba ya ɓuya. Tudun yashin da ciyawa ta riƙe zaune yake. Da an sare itacen kansa, dabbobi sun cinye ciyawar, sai iskar hunturu ta fara tura shi. Yana binne gona, yana cike rijiya, yana hawa katangar gida, kuma kwarin da ke ba da dabino da kanwa shi ne farkon abin da yake faɗa wa. Maganinsa sananne ne, an gwada shi a ɓangarorin iyaka biyu: a kafa shingen kara da rassa gida-gida a kan tudun don karya iska, a dasa itatuwa a ciki, a hana dabbobi shiga na 'yan shekaru. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, Yobe na cikin jihohi 11 da ya shafa. Dashe ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce wanda zai shayar da shi ya tsare shi har ya fi ƙarfin akuya.

Fadamar kuwa makomarta ba a Yobe ake yanke ta ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano. Sun kawo noman rani da ruwan sha ga miliyoyin mutane, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun sauya numfashin kogin. A shekarun 1960 ambaliyar kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan madatsun da farin shekarun 1970 da 1980 ta koma ƙasa da rabin haka. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi, sai ya koma silalowa duk shekara, kuma irin wannan ruwa ne kacalla ke so. Ta toshe mashigai, ta hana kwalekwale wucewa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan jan-baki mai wawushe gero da dawa. Wasu ƙauyukan ruwa ya yi musu yawa, na gaba da su ko ɗigo ba ya isa. Mutanen gari kan fita gayya da lauje da adda, ruwa har ƙirji, su buɗe hanya, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa.

A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogunan suka ratsa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sun zauna a Damaturu suka amince da asusun haɗin gwiwa don kula da wannan ruwa. Tunanin daidai ne, domin wanda ke sama ba shi da ikon mantawa da na ƙasa. Yanzu ambaliyar da ta rage wa fadamar galibinta daga kogin Jama'are take zuwa, shi ne har yau ba a datse da babbar madatsa ba, kuma a kansa ne ake ta ɗaga maganar madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi ana ajiyewa. Duk ranar da za a sake buɗe wannan fayil, wajibi ne masuntan Nguru, da manoman shinkafar Bade, da makiyayan Geidam, har da mutanen Diffa a ƙetaren kogi, su sami kujera a teburin, a kuma rubuta adadin ruwan da za a riƙa sakar musu kowace shekara kafin a aza tubali ko ɗaya.